Tambaya da Amsa: Duwatsun Koriya da Gidajen Bautar da ke Cikinsu

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan ƙasa ɗaya, wato Koriya ta Kudu, kuma mafi yawansu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito. Na zaɓi guda biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita gaisuwar da ke kansu domin a samu wurin amsa.

Tambaya ta farko ta zo ne daga wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ya ce: "Ƙanena yana karatun injiniya a Koriya ta Kudu, kuma duk hutun da ya samu sai ya turo mini hotunan manyan duwatsu cike da bishiyoyi, a tsakiyarsu ga gine-ginen katako masu rufin da bakinsa ya lanƙwashe sama. Ya ce wuraren bautar mabiya addinin Buda ne. Mu a nan masallacin Juma'a a tsakiyar gari yake, kusa da fada da kasuwa. Me ya sa su suka kai nasu wuraren bautar cikin duwatsu, nesa da jama'a?"

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma dawo da ƙanenka lafiya da ilimi mai amfani. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a Koriya dutse ba ya nesa da kowa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar tsaunuka ne da tuddai. Babban birninsu, Seoul, duwatsu ne suka kewaye shi, kuma mutum zai iya shiga jirgin ƙasa na cikin gari ya sauka a gindin dutsen Bukhansan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 836. Idan ka duba sunayen da ƙanenka yake rubuto maka za ka ga da yawa suna ƙarewa da "san", ma'anarsa dutse, wasu kuma da "sa", ma'anarsa gidan bauta. Da wannan ɗan mabuɗi za ka iya rarrabe Jirisan da Hwaeomsa ko da ba ka jin yarensu.

Amma yawan duwatsu kaɗai bai amsa tambayarka ba, domin da farko gidajen bautar nan a tsakiyar birane suke, kamar yadda ka kwatanta da namu masallatan. Addinin Buda, wanda ya samo asali a yankin Indiya da Nefal kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ya shiga Koriya ta hanyar ƙasar Sin. Ya isa masarautar Goguryeo ta arewa a shekarar 372, ya isa masarautar Baekje a 384, ita kuwa masarautar Silla sai wajen 527 ta karɓe shi a hukumance. Sarakuna ne suka rungume shi, don haka a kusa da fada aka fara gina masa wurare. A birnin Gyeongju, wanda ya yi kusan shekara dubu yana hedikwatar Silla, an gina gidan bauta mai suna Hwangnyongsa da hasumiyar katako mai hawa tara, wadda ta tsaya har sai da mayaƙan Mongol suka ƙone ta a 1238. Yau tushen ginin kawai ya rage a fili.

Dalilai uku ne suka haɗu suka mayar da abin kan duwatsu. Na farko ya girmi addinin Buda kansa a ƙasar: mutanen Koriya na dā suna ɗaukar dutse mazaunin iskoki, kamar yadda tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dala kafin Musulunci ya kafu. Da sabon addini ya zo musu bai kori wannan aƙida ba, ya ba ta wuri ne a cikin gidansa, shi ya sa har yanzu a bayan yawancin gidajen bautar za ka tarar da wani ɗan ɗaki da aka zana hoton tsoho mai farin gemu da damisa a gefensa, wanda suke cewa shi ne mai dutsen. Na biyu, a ƙarshen zamanin Silla wata ɗariƙa mai suna Seon ta yi ƙarfi, wadda aikinta zaman shiru da zurfafa tunani, kuma mai irin wannan zama ba ya son hayaniyar kasuwa. Har yau malamansu suna shiga halwa ta wata uku a lokacin zafi da wata uku a lokacin sanyi.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi, kuma siyasa ce. A 1392 aka kafa daular Joseon, wadda ta ɗauki koyarwar Konfushiyas, masanin falsafa na ƙasar Sin, a matsayin tafarkin mulki, ta kuma ɗauki gidajen bautar Buda a matsayin masu tara gonaki da bayi ba tare da biyan haraji ba. Aka ƙwace musu filaye, aka rushe da yawa, har a 1424 Sarki Sejong ya taƙaita waɗanda hukuma ta amince da su zuwa 36 kacal. Daga baya aka hana malaman Buda shiga babban birni, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai a 1895. Gidajen bautar da ke cikin gari suka shuɗe, waɗanda ke cikin duwatsu suka tsira saboda idon hukuma bai cika kai wa gare su ba. Saboda haka abin da kake gani a hoto kamar zaɓi na masu son kyakkyawan wuri, rabinsa gudun hijira ne na shekara ɗari biyar. A cikin wannan zama ne suka koyi noma abincinsu, da yin takarda, da tsare dajin da ke kewaye da su, domin wanda dutse ya ba mafaka dole ya kula da dutsen. Da gwamnati ta zo kafa gandun daji na ƙasa, ta fara da Jirisan a 1967, sai ta tarar da cewa wuraren da suka fi kyau tuni akwai masu tsaronsu, kuma wani ɓangare na filin gandun mallakar gidajen bautar ne. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya bakwai daga cikin irin waɗannan gidaje na kan dutse a jerin kayan tarihin duniya, cikinsu har da Tongdosa da aka kafa a 646 da Buseoksa da aka kafa a 676.

Tunda daga Birnin Kudu ka rubuto, Malam, ina roƙonka ka kai ɗalibanka su ga zanen mutanen dā da ke jikin duwatsun garinku, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, kafin ka nuna musu hotunan Koriya. Yaron da ya fara sanin darajar na gida ya fi saurin fahimtar dalilin da ya sa wasu suke tsare nasu.

Tambaya ta biyu daga wani alaramma ce mai tsangaya a yankin Rano, wanda ya ce wani ɗalibinsa ne ya karanta masa labarin a waya: "An ce a wani dutse a Koriya akwai alluna fiye da dubu tamanin da aka sassaƙa littafin addininsu a kai, sun yi shekaru ɗaruruwa ba su ruɓe ba. Ni kuwa littattafan da na gada daga mahaifina gara da asu sun fara cin su, ko da yake suna cikin gafaka. Shin gaskiya ne, kuma da me suka tsare su?"

Amsa: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan cancantar a tsaya a kansa cikin duk abin da ke duwatsun Koriya. Wurin shi ne Haeinsa, a jikin dutsen Gayasan da ke lardin Gyeongsang ta Kudu, kuma an kafa shi a shekarar 802. Allunan da ke ciki sun haura 81,000. Kowane ɗaya faɗinsa ya kai kimanin santimita 70, tsayinsa kimanin 24, an sassaƙa shi gaba da baya, kowace fuska da layi 23, kowane layi da harafi 14, jimillar haruffan kuwa ta wuce miliyan 52. Sun bambanta da allonmu ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Namu ana rubutu da tawada a wanke a sake, nasu kuwa allunan buga littafi ne: an sassaƙa haruffan a juye, a shafa tawada, a ɗora takarda a goga, sai rubutun ya fito daidai. Haruffan na Sinanci ne, domin sai a 1443 aka ƙirƙiro rubutun Koriya na yau.

Labarin yadda aka yi su labarin yaƙi ne. Daular Goryeo, wadda daga sunanta aka samo kalmar Koriya, ta taɓa sassaƙa irin waɗannan alluna a ƙarni na 11, sai mayaƙan Mongol suka ƙone su a 1232. Sarki da fadawansa suka gudu tsibirin Ganghwa, kuma daga can, ana tsakiyar yaƙi, aka ba da umarnin a sake aikin daga farko. Aka fara a 1236 aka kammala a 1251. Su a aƙidarsu suna neman kariya ne da wannan aiki, mu kuwa ba aƙidarmu ba ce, amma mai rubuta Alƙur'ani da ka, wanda ya san abin da ake nufi da kuskuren wasali ɗaya, shi ya fi kowa gane girman wahalar. Mai sassaƙa ba shi da damar wankewa. Kafin a kai ga wuƙa sai da malamansu suka gwada nassoshin da ke hannunsu da na ƙasar Sin da na daular Khitan, suka tantance saɓanin da ke tsakani suka rubuta shi, shi ya sa masana har yau suke dogaro da wannan bugu, har Japan ta ɗauke shi tushe lokacin da ta buga nata na zamani a ƙarni na 20.

Game da tsarewa kuwa, aikin ya fara ne tun daga icen. Riwayar da suke bayarwa ita ce, an jiƙa gumagumai a ruwan teku na tsawon lokaci, aka yanka su alluna, aka dafa a ruwan gishiri, sannan aka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa har suka bushe a hankali ba tare da tsagewa ba. Bayan sassaƙa aka shafe su da ƙaron wata bishiya mai hana ƙwari da danshi, aka sa musu katako mai kauri a gefe biyu aka ɗaure kusurwoyin da ƙarfe. Wannan katakon gefe yana hana allon lanƙwashewa, kuma idan an jera su a kanta yana barin 'yar tazara tsakanin allo da allo yadda iska za ta ratsa.

Sai ɗakunan ajiyar, waɗanda aka gina a ƙarni na 15 bayan an kawo allunan Haeinsa a 1398. An ɗora su a wuri mafi tudu a cikin harabar, sama da babban ɗakin bautar kansa. Kowane bango yana da tagogi sama da ƙasa, amma girmansu ba ɗaya ba ne: a bangon gaba na ƙasa ne manya, a bangon baya kuwa na sama ne manya, ta yadda iska ke shiga ta zagaya tsakanin kantoci kafin ta fita. A ƙarƙashin daɓen an zuba gawayi da gishiri da farar ƙasa da yashi a haɗe da yumɓu, waɗanda ke shanye danshi a damina su sake shi idan rani ya yi. Duk manomin da ya taɓa ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa ya san tushen wannan hikima. A shekarun 1970 an gina wani ɗakin ajiya na siminti da nufin mayar da allunan ciki, da aka gwada da kaɗan sai suka fara fumfuna, aka fasa, aka bar su inda magabata suka ajiye su.

Gini da gishiri ba su isa su tsare abu daga wuta da bam ba, a nan kuma sai an ambaci mutane. Gobara ta sha cin sassan Haeinsa, amma ba ta kai ga ɗakunan allunan ba. A 1951, lokacin yaƙin Koriya, an umarci wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Kim Young-hwan ya jefa bam a wurin saboda 'yan sari-ka-noƙe sun ɓuya a yankin, ya ƙi, domin ya san abin da ke ciki. A 1995 UNESCO ta sanya ɗakunan a jerin kayan tarihin duniya.

Shawarata ga littattafanka, Allah ya gafarta Malam, daga wannan darasi na ɗauko ta. A ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bangon da ke jiƙewa a damina, kada a kulle su cikin leda ko akwatin ƙarfe da iska ba ta shiga, a riƙa fito da su ana kakkaɓewa a inuwa idan hunturu ya kama, kada a shanya su a rana. A kuma nemi wani daga cikin ɗaliban da ke da waya mai kyau ya ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya. Abin yana damuna ƙwarai idan na tuna yawan kundayen malamanmu na karkara da suka ƙare a cikin gara ba tare da kowa ya san abin da ke cikinsu ba.

Tambaya ta uku daga wani manomi ce a yankin Maigatari: "Mu nan yashi yana cin gonakinmu, itacen girki ma sai an yi tafiya. Na ga hotunan duwatsun Koriya ko'ina kore shar. Haka Allah ya yi ƙasarsu tun asali, ko akwai abin da suka yi?"

Amsa: Baba, Allah ya ba da damina mai albarka. Ruwan sama kam Allah ya ba su fiye da namu, domin mafi yawan ƙasar tana samun sama da milimita 1,000 a shekara, kusan ninki biyu na abin da arewacin Jigawa ke samu, don haka ba zan ce maka abin da ya yiwu a can zai yiwu a Maigatari kai-tsaye ba. Sai dai korewar da kake gani ba ta daɗe ba. Bayan mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, da yaƙin 1950 zuwa 1953, duwatsu da yawa sun zama tsirara, jar ƙasa kawai, domin talauci ya sa kowa yana sarar itace don girki da kuma ɗumama ɗaki, kasancewar al'adarsu ita ce hura wuta a ƙarƙashin daɓe lokacin sanyi. Da ruwa ya sauka sai ya kwashe ƙasar ya yi ambaliya a kwari.

A 1973 gwamnatin Shugaba Park Chung-hee ta ƙaddamar da shirin shekara goma na dasa bishiyoyi a hekta miliyan ɗaya, aka kuma cimma adadin cikin shekara shida. Abin da na fi so ka lura da shi ba yawan dashen ba ne, domin mu ma an sha raba mana dashe ana ɗaukar hoto. Abubuwa uku suka raka dashen. An sa ƙungiyoyin ƙauye su raini irin a sayi dashen daga hannunsu, sai bishiya ta zama hanyar samun kuɗi. An riƙa tura jami'ai daga wani yanki su je wani yankin su ƙirga bishiyoyin da suka rayu, ba waɗanda aka dasa ba. Sannan aka samar wa gidaje wani makamashi, wato curin kwal, daga baya kuma gas, domin matar da ba ta da abin dafa tuwo ba dokar da za ta hana ta sarar itace. Yau daji ya rufe fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma ranar 5 ga Afrilu ta kowace shekara ranar dashen itace ce a wurinsu. Tsofaffin bishiyoyin da suka tsallake waɗannan shekaru na yunwa kuwa, da yawansu a kewayen gidajen bautar nan suke, kamar dogon layin itatuwan da ke kan hanyar shiga Woljeongsa a dutsen Odaesan.

Misalin da ya fi kusa da kai yana tsallaken iyaka, a yankunan Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da suke kira sassaben zamani. Wannan ba ya buƙatar ban ruwa, domin saiwar tana nan a ƙasa da ranta.

Tambaya ta huɗu gajeriya ce, daga wata ɗalibar sakandare a Kazaure: "Ganyen bishiyoyin da nake gani ja da rawaya a fina-finan Koriya, na gaske ne ko kwamfuta ce?"

Amsa: 'Yata, na gaske ne. Idan kaka ta yi a ƙasashen sanyi, yini yana gajarta, sai bishiya ta daina yin sinadarin da ke sa ganye kore ta janye abincinta cikin jiki, launin rawaya da ke ɓoye ya bayyana, wasu itatuwan kuma su yi ja kafin ganyen ya zube. Abin yana farawa daga arewa, a dutsen Seoraksan mai tsayin mita 1,708 kusa da garin Sokcho, wajen ƙarshen Satumba, ya yi ta gangarowa kudu har ya kai Naejangsan a farkon Nuwamba, inda jama'a ke cika hanya don kallo. Kukar ƙofar gidanku ma tana zubar da ganye idan rani ya shigo, sai dai ita ƙishirwa take gudu, su kuwa sanyi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwar riɗi da zoɓo ce da ke sayayya a kasuwannin Gumel da Maigatari: "Ina da niyyar zuwa Koriya kan harkar kasuwanci, kuma abokin hulɗata ya ce zai kai ni yawon duwatsu. Wanne ya fi dacewa in gani, kuma yaya Musulmi zai yi da abinci da salla a irin waɗannan wurare?"

Amsa: Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a. Idan kwana biyu kawai kake da su, ka nemi a kai ka Gyeongju, wanda jirgin ƙasa mai sauri ke isa daga Seoul cikin kimanin awa biyu. A jikin dutsen Tohamsan da ke gefen birnin akwai Bulguksa, wanda aka fara gina shi a siffarsa ta yanzu a 751 aka kammala a 774. An ƙone sassansa na katako lokacin mamayar Japan ta 1592 zuwa 1598, an sake gina su daga baya, amma matakala da hasumiyoyi biyu na dutse na asali ne. Ɗaya daga cikinsu, Dabotap, ita ce a jikin kwabonsu na won 10, a cikin ɗayar kuma aka gano wata naɗaɗɗiyar takarda a 1966 wadda ke cikin mafi tsufan abin da aka buga da allo a duniya. Wannan masarauta ta Silla ba baƙuwa ba ce ga magabatanmu, domin masana labarin ƙasa na Larabawa sun ambace ta tun ƙarni na 9 da sunan Sila, suka siffanta ta da yawan zinariya.

Idan ƙafa tana da ƙarfi kuma akwai lokaci, Jirisan ne mafi faɗi cikin gandayen da ke kan dutse, ya ratsa larduna uku, ƙololuwarsa mita 1,915, kuma a gindinsa ta wajen Hadong akwai gonakin shayi da tarihinsu ya koma shekarar 828. Mafi tsayi a Koriya ta Kudu shi ne Hallasan da ke tsibirin Jeju, mita 1,947, tsohon dutse mai aman wuta ne da tafki a bakinsa. Ko shi bai kai Chappal Waddi na jihar Taraba ba, mai mita 2,419. Abin da suka fi mu shi ne kulawa: hanyoyin hawa masu matakala da alamomi, ma'aikatan gandu a bakin aiki, da dokar da ke rufe wasu hanyoyi a lokutan da gobarar daji ke yawa. Suna da dalilin wannan tsoro, domin gobara ta cinye yawancin gidan bautar Naksansa a 2005, ta kuma cinye Gounsa a watan Maris na 2025. Tun 2007 aka soke kuɗin shiga gandayen ƙasa. Ina fatan ranar da za a ce Dajin Falgore da duwatsun Riruwai sun samu ko da rabin wannan kulawa.

Hukuncin shiga wurin bautar wasu don kallo tambaya ce ta malaman fiƙihu, ka kai ta wurin malaminka kafin ka tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda wurin yake. Ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma ba a tilasta wa baƙo ya rusuna ko ya kunna turare. A cikin manyan ɗakunan akwai gumaka, mabiya suna sujada a gabansu, kai kuwa kana iya tsayawa a tsakar gida ka kalli gini da dutse ka wuce. Ana cire takalmi idan za a shiga ɗaki, ana rage murya, kuma ba a ɗaukar hoton mai ibada ba tare da izininsa ba. Tun 2002, shekarar da suka karɓi gasar cin kofin duniya tare da Japan, wasu gidajen suke karɓar baƙi su kwana, amma tsarin kwanan ya ƙunshi tashi tun kafin asuba don halartar ibadarsu, saboda haka masauki a gari ya fi maka. Kada kuma ka ɗauka duk ɗan Koriya mabiyin Buda ne: ƙidayar 2015 ta nuna fiye da rabin jama'a ba su bin wani addini, Kiristoci sun haura kashi ɗaya cikin huɗu, mabiya Buda kuwa kimanin kashi 15 cikin 100.

Abincin cikin gidajen bautar ba nama ba kifi, har tafarnuwa da dangin albasa ba sa sawa, shinkafa ce da ganyaye da awara. Matsalar tana gidajen abincin da ke gindin dutse, inda naman alade da giyar shinkafa suke da yawa, kuma romo ma yakan kasance na nama, don haka ka sa abokinka ya yi tambaya kafin a zuba, ko ka tsaya a kan kifi da shinkafa. Babban masallacin Seoul yana unguwar Itaewon, an buɗe shi a 1976, kuma a kewayensa akwai shagunan halal inda za ka yi guzuri. A kan dutse ruwan alwala ba ya wuya, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙanƙara ce, sai ka tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmi mai riƙe ƙasa. Agogonsu yana gaban namu da awa takwas, kuma lokutan salla suna motsawa sosai tsakanin zafi da sanyi, don haka ka sauke jadawalin garin da kake a wayarka. Idan ka shimfiɗa darduma ka tuna cewa Makka tana yamma da Koriya, alƙiblarka a can mafaɗar rana ce tare da ɗan karkata zuwa arewa.